Babban Banki da Takardarsa Mai Gilashi

Idan ana zancen mutanen da Allah ya hore wa sanin sirrin kuɗi, to kowa ya tsuke bakinsa, a gyara kujera, a ba Babban Banki wuri. Layin nan bai taɓa fitar da irinsa ba, kuma shi da bakinsa ya tabbatar wa jama'a ba za a sake ba. Ba iyayensa ne suka sa masa wannan suna ba. 'Yan zaman shagon aski ne suka laƙa masa don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har yana cewa sun makara, tuni ya kamata su gane.

Aikinsa babba ne. Shi ke riƙe da makullin sito a kamfanin sabulu da ke ƙarshen titi. Shekara talatin da biyu yana buɗe ƙofa da safe yana rufe ta da yamma, kuma a duk tsawon shekarun nan ƙofar ba ta taɓa gudu ba. Amma kada ka kuskura ka kira shi mai sito. In baƙo ya tambayi aikinsa, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Ina sashen kula da kadarori." Kadarorin su ne katan-katan na sabulu, da wani tsani mai ɗingishi, da wata kyanwa da har yau ba ta san shi ne shugabanta ba.

A aljihun gabansa biro uku ne a jere kamar sojoji. Shuɗi na takardun talakawa ne. Ja na gyara kuskuren mutane. Kore kuwa ba ya fita sai babban al'amari ya taso. Yana da tabarau, amma a goshi yake ajiye shi, don a ganinsa can ilimin yake, can ne ya fi buƙatar ƙarin haske.

Asalin wannan ɗaukaka shekara goma sha ɗaya ke nan. Aka gayyaci kamfani wata bita ta kwana biyu a kan asusun fansho, wato kuɗin nan da ake yanka a albashin ma'aikaci duk wata, a yi ta juya masa har ranar da zai ajiye aiki. Akawun da ya kamata ya je, ciwon haƙori ya kwantar da shi. Manaja ya leƙo ta taga, mutumin farko da ya hango shi ne mai sito yana hamma. Haka aka tura shi. Ranar farko barci ya kwashe shi bayan abincin rana. Rana ta biyu ya ƙare ta a layin karɓar jakar kyauta. Duk da haka gwanin ya dawo da jaka, da hula, da kalmomi guda huɗu: hannun jari, takardar lamuni, kasada, da rarraba jari. Tun daga ranar layin nan bai sake hutawa ba.

Asabar ce ranar darasi. Da hantsi zai shiga shagon aski, ko da yake kansa ya daɗe da sallamar gashi, ya haye kujera mai juyawa, mai aski ya koma gefe da almakashi a hannu yana jiran a tashi. Sai ya ɗaga yatsa.

"Jama'a, matsalarku ɗaya ce. Kuna taɓa kuɗi amma ba ku da falsafar kuɗi. Shi kuɗi yana da kunne. Yana gane muryar mai ilimi. Ni in na yi tari a nan, kasuwar hannun jari tana amsawa a can."

Tela, wanda ba ya ganin wuta bai ƙara mata ice ba, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka wa jahili. Mene ne bambancin hannun jari da takardar lamuni?"

Babban Banki ya yi masa murmushin da likita ke yi wa wanda ciwonsa ya wuce magani.

"Tela, tela! Wannan tambaya zurfinta ya fi ƙarfin shagon aski. In na buɗe maka ita gaba ɗaya, sai ka kwana uku ba ka iya zura zare a allura ba. Amma a taƙaice, akwai bambanci. Babba ma kuwa. Ka riƙe wannan tukuna."

"Na riƙe, ranka ya daɗe. Kai, ilimi!"

Rarraba jari ne kaɗai darasin da ya taɓa yi a aikace. Yana da wani wando mai aljihu huɗu. Wata Asabar ya miƙe a tsakiyar shago ya kasa kuɗin kashewarsa kashi huɗu, kowane kashi da aljihunsa, yana bubbuga su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan shi masana ke kira rarraba jari. Ɓarawo ya yanki ɗaya, uku na nan. Hankali ke nan, ba ƙarfi ba."

Jama'a suka jinjina. Abin da bitar ba ta kai ga koya masa ba, ko ta koya yana barci, shi ne aljihu huɗun nan duk a jikin wando ɗaya suke. Washegari matarsa ta tsoma wandon a baho ta dirje shi da sabulun kamfani. Maƙwabta suka ga jari a shanye a kan igiya, an danne kowanne da matsin shanya. Da tela ya yi masa jaje ta kan katanga, sai ya ce, "Wannan ita ake kira girgizar kasuwa. Mu mun saba."

Amma duk wannan wasa ne. Wanda bai shiga falonsa ba bai ga komai ba. A bangon da ke kallon ƙofa, sama da talabijin, inda wasu ke rataye hoton 'ya'yansu, akwai wata takarda cikin firam mai ruwan zinariya, an rufe ta da gilashi. Kamfanin fansho ne ya raba ta a wurin bitar. Ga tambari, ga sunansa an buga da inji, ga akwatuna uku a jere, na asusu ukun da ma'aikaci ke zaɓar wanda za a zuba masa kuɗinsa. Na farko yawancinsa hannun jari ne, mai yawan hawa da sauka. Na biyu rabi da rabi. Na uku mai sanyi, yawancinsa takardun lamuni. Babban Banki ya raɗa musu suna: Asusun Zakuna, Asusun Tumaki, da Asusun Kaji.

Sai an faɗa maka wanda ya zaɓa? Koren biro ya yi aikinsa a akwatin Zakuna, alamar ma har ta tsallake akwatin ta taɓa tambari. A ƙasa ga sa hannu mai jela kamar ta kunama, ya cinye rabin shafi. Duk baƙon da ya shigo sai an tsayar da shi gaban takardar nan kafin a ba shi ruwa.

Matarsa ce ke goge gilashin duk safiya. Wata rana, tana gogewa, ta ce, "Baban yara, wannan ɗan rubutun na can ƙasa me yake cewa? Ni idona ba ya kaiwa."

"Bar shi," in ji shi. "Ƙananan rubutu na ƙananan mutane ne."

Haka yake yi wa wasiƙar da kamfanin fansho ke aiko masa duk ƙarshen shekara. Babbar lamba ta saman shafi kawai yake kallo. In ya ga ta ƙaru, sai ya fito ƙofar gida yana kaɗa takarda yana cewa, "Na sake yi musu!" Shekarar da kasuwar hannun jari ta kife, aka yi ta kuka a rediyo, nasa kuɗin ko gezau. Wannan shekara layi ya ga ta kansa.

"Na hango ta!" yake cewa. "Tun wata uku na ji ƙaurinta. Na kauce."

In aka ce ta yaya ya kauce, tunda ba wanda ya ga ya je ko'ina, sai ya taɓa goshi, wajen tabarau. "Sirrin sana'a."

To, da a bakin shagon aski abin ya tsaya, da ba wanda ya yi asara sai mai aski. Sai dai akwai direba.

Direba maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma shi ke jan babbar motar kamfani. Mutum ne mai sanyin hali, ko kyanwar sito ce ta tare masa hanya sai ya ba ta haƙuri. Saura masa wata goma sha takwas ya ajiye aiki. Gwiwarsa ta gaji da taka kuloci, idonsa ya fara gardama da hasken titi. Burinsa biyu ne rak a duniya: ɗakuna biyu da ya gina suka tsaya ba rufi, ya rufe su, sannan ya saya wa matarsa injin niƙa, gida ya riƙa ganin ɗan abin cefane bayan albashi ya yanke. Kuma duka biyun a kan kuɗin fanshonsa suka jingina. Ba shi da gona, ba shi da shago, ba shi da wani ɗa a ƙasar waje.

Ran nan aka manna sanarwa a ƙofar kamfani: ranar Alhamis jami'ar kamfanin fansho za ta zo. Mai son canza asusu ya sa hannu a ranar, in ta wuce sai baɗi. Direba ya ɗauko wasiƙarsa ya shiga sito.

"Yaya, duba mini. Ni ban san a ina nawa suke ba."

Babban Banki ya karɓa da yatsa biyu. Ya ce direba ya nuna masa wurin, don shi ba ya wahalar da idonsa a kan ƙananan rubutu. Direba ya nuna. Asusu na uku.

"Inna lillahi!" Jan biro ya fito. "Kaji! Ƙanena, katanga ɗaya da ni, kana cikin kaji? Shekara nawa ina magana a layin nan? Ashe bango nake yi wa?"

"Ai ni ban zaɓa ba, Yaya. Haka na tarar."

"Shi ne laifin! Namiji a zaɓa masa? Kuɗinka na can kwance suna gyangyaɗi, namu na farauta. Ka shigo cikin Zakuna, wata goma sha takwas ɗin nan ba ɗaki biyu ba, bene za ka ɗora. Injin niƙa kuwa sai dai ka raba wa dangi."

Direba ya sosa ƙeya. "To in kasuwar ta sake kifewa ana saura wata biyu in karɓa fa?"

"Ina raye? Ni ne fa mai hango ta. Zan ƙwanƙwasa maka katanga."

Nan take koren biro ya fito. Ya cike wa direba fom tsaf, ya dangwala alama a akwatin Zakuna, ya bar masa wurin sa hannu kawai, don doka ta ce a gaban jami'a ake sawa. Direba ya ninke takardar ya sa a aljihu kamar mai ɗauke da garwashi.

Matar direba da ta ji, ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗo gidan Babban Banki, wurin matarsa.

"Yaya, don Allah ki yi wa mijinki magana. Rufin ɗakina ne fa zai tura wa zakuna."

Matar Babban Banki ta ajiye tsintsiya. "Ƙanwata, shekara talatin ina jiran ya numfasa in sa baki. Har yau bai numfasa ba."

Alhamis ta zo. Aka jera benci a ɗakin cin abincin ma'aikata. Jami'ar wata 'yar siririya ce da kwamfuta, shekarunta ba su kai na makullin sito ba. Babban Banki ya bari sai da kowa ya zauna sannan ya shigo, don manya ba sa riga taro. Riga ta sha guga har tana ƙara. A hammatarsa wani abu ne faffaɗa an naɗe da tawul. Bai kalli benci ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da jami'ar, yana fuskantar jama'a, ya ce mata, "Ci gaba, 'yata. In kin kakare ina nan."

A bencin gaba Inna mai shara ce zaune da tsintsiyarta a jingine. Ita ce Babban Banki ya fi tausaya wa a duk kamfanin, don ba ta jin kunyar tambaya. Shi a wurinsa mai ilimi ba ya tambaya, tambayarsa ake yi. Ko jami'ar ba ta gama gaisuwa ba Inna ta ɗaga hannu.

"'Yar nan, bara kin faɗa mini na manta. Mene ne hannun jari? Faɗa mini kamar kina gaya wa kakarki."

Babban Banki ya girgiza kai ya kalli silin.

Jami'ar ta ce, "Inna, ki sayi ɗan yanki na wani kamfani ke nan. Ya ci riba, ki ci. Ya yi asara, ku yi tare. Takardar lamuni kuwa, aro kika ba gwamnati ko kamfani zuwa wani lokaci, su mayar miki da ɗan ƙarin da aka yanka tun farko. Ba ta cika tsalle ba, ba ta cika faɗuwa ba."

"Tsaya in gani ko na kama. In ni da ƙanwata muka haɗa muka sayi keken ɗinki, samu namu rashi namu, hannun jari ke nan. In kuwa aro na ba ta ta saya, ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba ina jiran abina, lamuni ke nan."

"Shi ke nan, Inna."

"Abin da nake faɗa ke nan kullum," in ji Babban Banki da ƙarfi. Daga bencin baya wani ya yi tari irin wanda ba na mura ba.

"To kasada fa?" in ji Inna.

"Kasada ita ce yawan hawa da saukar kuɗin. Asusun farko yana iya hawa sosai, yana kuma iya zubewa sosai. Saurayin da ke da shekara talatin a gaba, in ya zube yana da lokacin jira ya farfaɗo. Wanda ya kusa karɓar kuɗinsa ba shi da wannan lokacin. In ranar karɓarsa ta faɗo a shekarar zubewa, abin da ya tarar shi zai ɗauka."

Direba ya taɓa aljihunsa. Gumi ya tsattsafo masa a hanci.

"To me ya sa ba za a zuba duka a lamunin ba kowa ya huta?" Inna ba ta gaji ba.

"Saboda tsadar kaya ba ta hutawa, Inna. Sabulun da kika saya shekara goma da suka wuce, kuɗinsa ɗaya da na yau? In kuɗi bai girma ya riga farashi ba, yana nan a lamba amma ya rame a kasuwa. Shi ya sa ake gauraya su, a sa wasu nan wasu can, a kamfanoni daban-daban. Rarraba jari ke nan."

"Ba dai a wando ɗaya ba," in ji mai tarin nan na baya.

Babban Banki ya ga taro na neman kuɓuce masa. Ya miƙe. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"'Yata, kin yi ƙoƙari. A matakin farko, ba laifi. Amma akwai ilimin littafi, akwai ilimin fage. Kina tsorata mini mutane da kasada. Kasada abincin maza ce! Ni da kike gani, shekara goma sha ɗaya ina cikin asusun farko. Kasuwa ta kife, ban kife ba. Manyan masana sun yi kuka, ni ina shan iska a ƙofar gida. Ga ƙanena direba nan, yau zan fitar da shi daga cikin kaji. Kuma don kada a ce baki ne kawai, ga shaida!"

Ya yaye tawul. Gilashi ya ɗauki ido. Ya ɗaga firam sama ya juya shi dama, ya juya shi hagu, yadda 'yan ƙwallo ke yi da kofi. Sannan ya ajiye shi gaban jami'ar.

Ta duba. Ta ƙara matsowa ta duba. Ta ɗago ta kalle shi, ta rage murya.

"Baba, wannan kwafi ne ko ita ce ta asali?"

"Kwafi? Ni? Ta asali ce, 'yata! Taɓa ki ji tambarin."

"Baba, ko za mu ɗan keɓe in yi maka bayani?"

"A'a! Ni ba ni da ɓoye-ɓoye. Buɗe na'urarki, ga lambata, ki karanta wa jama'a da ƙarfi. Na ba ki izini. Su ji yadda ake yi."

"Baba, ka tabbata?"

"Da ƙarfi na ce! Na baya ma su ji."

Yarinyar ta danna kwamfuta. Sannan ta sa yatsa a kan gilashin, can ƙasa, a wurin ƙananan rubutun nan.

"Nan an rubuta, a cike a mayar wa kamfanin fansho cikin kwana talatin. Ba a mayar ba, Baba. Mu a wurinmu ba ka taɓa zaɓar komai ba."

Ido ya koma kan Babban Banki.

Inna mai shara, da yake ita ba ta iya barin tambaya ta kwana ba, ta ce, "To 'yar nan, a ina kuɗinsa suke?"

"Akwai tsarin da muke yi wa waɗanda ba su ce komai ba, Inna. Mukan sa su a asusu na biyu. In sun cika shekara hamsin mu mayar da su na uku, don kare su. Baba ya koma na uku tun kafin shekarar da kasuwa ta faɗi. Shi ya sa ba ta taɓa shi ba."

"Na uku? Wanda nake ciki?"

"Shi, Inna. Ke kin zaɓa da kanki. Shi da direba mu muka sa su."

Inna ta juyo, fuska cike da fara'a, ta tafa hannu. "Ayya, mai sito! Ashe akurkinmu ɗaya! Sannu da zuwa, shekara nawa ba ka gaishe mu ba?"

Wanda ya fara fashewa da dariya ba a san shi ba, don kafin ka ce me, benci ɗaya ya kife da mutum huɗu. Mai dafa abinci ta fito daga kicin da ludayi tana tambayar wa ya faɗi. Akawun nan mai ciwon haƙori ya riƙe ciki yana share hawaye.

Amma a yi wa Babban Banki adalci, bai faɗi ba. Tabarau ne kawai ya zamo daga goshi ya sauka a kan hanci, karo na farko a tarihi, ya ga ƙananan rubutun nan tar.

Jami'ar, da yake an yi mata tarbiyya, ta so ta fitar da shi kunya. Ta zaro sabon fom.

"Ba a makara ba, Baba. In har yanzu asusun farko kake so, doka ba ta hana ka ba. Saura maka shekara nawa?"

"Biyu," in ji shi, da wata murya da ba a san shi da ita ba.

"To ga fom. Sa hannu kawai, yau ɗin nan mu kwashe duka mu mayar can."

"Duka?"

"Duka, Baba."

Jama'a suka zuba wa aljihunsa ido. Hannu ya tashi ya nufi koren biro. Ya taɓa kansa. Ya shafa shi. Ya gyara masa zama. Biro dai ya ƙi fitowa. Ashe zaki ma, in aka ce da nasa naman za a yi farautar, yakan tsaya ya yi nazari.

"A halin yanzu," in ji shi, "yanayin kasuwa bai ba da dama ba."

Sai direba ya miƙe a hankali, gwiwa na ƙara. Ya zaro fom ɗin da aka cike masa, ya warware, ya kalli koriyar alamar, ya sake ninkewa. Ba dariya a fuskarsa ko kaɗan, kuma har gobe ba wanda ya san ko da gangan ya yi.

"'Yata, ni ba ni da ilimin nan. A bar ni inda Yaya yake. Duk inda masani ya ajiye nasa kuɗin, nan zan bar nawa."

Ya miƙa wa Inna fom ɗin, ta jefa a kwandon shararta.

Labari ya riga Babban Banki isa layi. Matar direba har ta aika a tambayo kuɗin kwanon rufi. Tela ya fito ƙofar shago ya rusuna har ƙasa ya ce, "Barka da dawowa daga farauta, ranka ya daɗe." Shi kuwa ya wuce da firam a hammata, tawul a kafaɗa, kai a sama.

Kafin ya kai ƙofar gida ya riga ya gama shirya bayani. Yana shiga falo ya tarar da matarsa tana ninke wanki, ya fara.

"Abin da jahilai ba su gane ba, wannan wata babbar dabara ce. Masana na kiranta dabarar ƙyalewa. Ni da gangan na riƙe takardar. Na auna, na hango, na ga cewa in na yi shiru..."

Ta karɓi firam ɗin daga hannunsa, ta hure ƙurar gilashin, ta mayar da shi kan ƙusarsa, don dama akwai tsagewar bango a wurin da yake rufewa. Ta ja da baya ta ga ya daidaita. Sannan ta juyo.

"Baban yara, ashe duk shekarun nan wuri ɗaya ne tak ka yi shiru, kuma nan ne kaɗai ka ci riba. To ka ɗan rarraba jarin mana. Zuba mana kaɗan a gida."

Babban Banki ya buɗe baki. Ya rufe. Bai ce komai ba.

A take gidan ya fara cin riba.